Harajin Masu Hannu da Shuni a Kaduna: Wa Ke Biya, Wa Ke Zillewa?

Ranar Asabar ta ƙarshen kowane wata muke haɗuwa zubin adashi a gidan goggonmu da ke Unguwar Dosa. Yawanci hirarmu ba ta wuce kuɗin mudun shinkafa, kuɗin makaranta, da 'yar wa za a aurar bayan Sallah. A zaman ƙarshen Janairun 2026 kuwa, maganar haraji ce ta cinye mana yamma, har shayi ya huce a kofi.

Ƙanwata, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ita ta taso da zancen. Ta miƙo min wayarta tana nuna alat ɗin albashi.

"Yaya, dubi nan. Ana ta shela a rediyo an sauƙaƙa wa ƙananan ma'aikata. Abin da ya ƙaru min ko kwalin madarar yara ba zai saya ba."

Hajiya, maƙwabciyar Goggo, wadda maigidanta ke da shaguna a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ta ajiye jaka ta ce: "Ke dai ki gode Allah, 'yata. Mu ne aka sa wa ido yanzu. Mutum ya yi guminsa, ya fitar da zakka, ya ɗauki nauyin dangi, sannan a ce kashi ɗaya cikin huɗu na gwamnati ne?"

Ƙanwata ta amsa cikin ladabi: "Hajiya, ai mu tun kafin kuɗin su shigo hannunmu an cire. Alhaji kuwa shi zai faɗa da bakinsa nawa ya samu."

Falon ya yi tsit. Wannan 'yar musayar ita ce muhawarar da ake yi a Kaduna a taƙaice: shin daidai ne masu samu da yawa su biya kaso mafi girma? In kuwa daidai ne, shin suna biya?

Abuja ke yankawa, Kaduna ke karɓa

Da farko mu warware wani ruɗani. Harajin da ake cirewa daga albashi ko daga ribar ɗan kasuwa, aljihun jiha yake shiga. A nan, Hukumar Tara Kuɗaɗen Shiga ta Jihar Kaduna, wato KADIRS, ita ke karɓarsa. Sai dai ba gwamna ke yanke yawansa ba, ba kuma 'yan majalisar da ke zama a Lugard Hall ba. Kundin tsarin mulki na 1999 ya bar ikon yin dokar harajin samu a hannun Majalisar Tarayya. Abin da za a cire wa mai albashi a Kawo shi za a cire wa takwaransa a Fatakwal.

Ba haka abin yake ko'ina ba. A Amurka kowace jiha tana iya ɗora nata. A 2022 mutanen jihar Massachusetts suka kaɗa ƙuri'a suka amince a ƙara kashi 4 cikin ɗari a kan duk abin da mutum ya samu sama da dala miliyan 1 a shekara, da sharaɗin kuɗin su tafi ilimi da sufuri. Kaduna ba ta da wannan ikon. Abin da ke hannunta biyu ne: ta nemo waɗanda ya kamata su biya, ta kuma kashe kuɗin yadda ya dace. Ki riƙe waɗannan biyun, domin a kansu maganar za ta tsaya.

Abin da sabuwar doka ta ce

A 2023 Shugaba Bola Tinubu ya kafa kwamitin gyaran haraji ƙarƙashin Taiwo Oyedele. An aika ƙudirori huɗu majalisa a Oktoban 2024. A ƙarshen wannan watan gwamnonin Arewa da sarakuna suka yi taro a nan Kaduna, suka nuna ƙin amincewa da tsarin rabon harajin VAT da ke cikin ƙudirorin. Bayan ja-in-ja da gyare-gyare, shugaban ƙasa ya sa hannu ranar 26 ga Yunin 2025, dokar ta fara aiki 1 ga Janairun 2026.

Hayaniyar VAT ta sa mutane da yawa ba su lura da ɓangaren da ya shafi albashi da riba ba. Ga yadda aka tsara shi a shekara:

Naira 800,000 na farko: babu haraji.
Miliyan 2.2 na gaba: kashi 15 cikin ɗari.
Miliyan 9 na gaba: kashi 18.
Miliyan 13 na gaba: kashi 21.
Miliyan 25 na gaba: kashi 23.
Abin da ya haura miliyan 50: kashi 25.

Kamar matakalar bene yake. Kowane mataki da nasa kason, kuma kashi 25 ba ya hawa kan dukan kuɗin mutum, sai kan abin da ya ɗara miliyan 50 kawai. Nan ne lissafin Hajiya ya ɗan kauce.

Mu ɗauki misali, mu ajiye kuɗin fansho gefe don lissafin ya yi sauƙi. Mace mai albashin naira 150,000 a wata tana samun miliyan 1.8 a shekara. A tsohuwar doka harajinta ya kai naira 155,600. A sabuwa ya koma 150,000. Ragin bai kai naira 500 a wata ba, don haka ƙanwata ba ƙorafin banza take yi ba.

Shi kuwa mai samun miliyan 60 a shekara, da yana biyan kusan miliyan 11.2, yanzu zai biya miliyan 12.9 da ɗoriya. An ƙara masa kusan miliyan 1.8, amma duk da haka abin da ke fita bai kai kashi 22 cikin ɗari na samunsa ba.

Wanda ya fi jin sauƙi shi ne na can ƙasa. Mai karɓar mafi ƙarancin albashi na ƙasa, naira 70,000, ba ya biyan komai.

Masu cewa gwamma haka

Hujjarsu ta farko kowace uwa ta san ta ba sai an koya mata ba. Naira 10,000 a gidan da ake auna garin tuwo da gwangwani, abincin kwanaki ne. A gidan da ake zuba wa motoci uku mai, ba a ma jin fitarta. In an ce kowa ya ba da kaso ɗaya, na ƙasa ne zai kwana da yunwa.

Ta biyu, tsohuwar dokar ta tsufa. A gyaran 2011 aka ce wanda abin da za a yi wa haraji a samunsa ya wuce miliyan 3.2 a shekara ya shiga matakin ƙoli na kashi 24. A lokacin dala ɗaya ba ta kai naira 170 ba. Darajar naira ta yi ta faɗuwa, matakin bai motsa ba, har ta kai matsakaicin ma'aikaci da babban attajiri suna tsaye a mataki ɗaya.

Ta uku, dukiya ba a sarari take tsirowa ba. Mai tireloli yana bin titin da aka yi da kuɗin jama'a. Mai shaguna yana buƙatar kasuwa, tsaro da kotu. Yaran shagonsa da direbobinsa galibi makarantar gwamnati suka yi, matansu kuma asibitin gwamnati suke awo. Wanda ya fi amfana da gari, in ji masu wannan ra'ayi, shi ya fi cancanta ya tallafi garin.

Masu cewa a yi hattara

Su ma ba su rasa abin faɗa ba, kuma bai kamata a yi watsi da maganarsu don kawai suna da hali ba.

Na ɗaya, attajirin Bahaushe ba shi kaɗai yake cin kuɗinsa ba. A ƙofar gidansa akwai marayun dangi, zawarawa, masu takardar asibiti da masu neman cikon kuɗin jarrabawa. Doka ba ta lissafa wannan. Mai gida ɗaya zai iya ɗauke da mutum talatin, a takarda kuwa shi kaɗai ake gani.

Na biyu, zakka. Musulmi mai nisabi yana fitar da kashi 2.5 cikin ɗari na dukiyarsa duk shekara. Amma zakka da haraji kowanne da hanyarsa. Zakka ibada ce, kuma an ƙayyade rukunoni takwas na masu cin ta. Haraji kuwa na gada ne da magudanar ruwa da albashin malamai, a jihar da Musulmi da Kirista ke bin titi ɗaya. Fitar da ɗaya ba ya sauke ɗayan a idon doka, sai dai ana iya fahimtar wanda ke jin an tatse shi sau biyu.

Na uku, tsoron cewa nauyin zai gangaro ƙasa. Mai gidajen haya a Malali ko Badarawa, in an matsa masa, yana iya ƙara kuɗin haya. Ɗan kasuwa ya ƙara a kan buhu. A ƙarshe uwar gida ce za ta biya a bakin kasuwa ba tare da ta sani ba.

Na huɗu, Abuja na nan kusa. Doka ta ce mutum yana biya ne a jihar da yake zaune. Da yawa daga manyan Kaduna suna da gida a Unguwar Rimi, suna da wani a Abuja, jirgin ƙasa na ɗauko su daga can ya sauke su a Rigasa ranar Juma'a. Iyali na nan, motoci na bin titunan nan, harajin albashi kuwa sau da yawa yana can inda ofis yake. Mai hali yana da zaɓin inda zai kira gida. Malamar firamare ba ta da shi.

Na biyar, wanda ya fi duka nauyi: rashin yarda. A Disamban 2025, ana dab da fara aiki da dokar, ɗan majalisar wakilai daga Sakkwato, Abdussamad Dasuki, ya yi ƙorafin cewa abin da aka buga a hukumance ya sha bamban da abin da majalisa ta zartar. Irin wannan ba ya ƙara wa mai biya ƙwarin gwiwa. Mun kuma ga abin da ya faru a Kenya a Yunin 2024, inda matasa suka cika tituna kan ƙarin haraji har Shugaba William Ruto ya janye ƙudirin.

Kura da shan bugu

Bayan an saurari ɓangarorin biyu, sai a ga cewa gardamar kashi 24 ko 25 ba ita ce babbar matsalar Kaduna ba. Matsalar ita ce wadda ƙanwata ta taɓo.

Hanyoyin karɓar wannan haraji biyu ne. Mai albashi, wurin aikinsa ke cirewa duk wata ya aika wa hukuma. Ba shi da ta cewa. Malamai, ma'aikatan asibiti, na banki da na ma'aikatu duk suna cikin wannan koma. Mai zaman kansa kuwa, ɗan kasuwa ne ko ɗan kwangila, mai gidajen haya ko mai asibitin kuɗi, shi zai cike takarda ya bayyana abin da ya samu kafin ƙarshen Maris na kowace shekara. Akwai masu tsoron Allah da ke bayyana gaskiya. Akwai masu tuna hukumar haraji kawai idan suna neman takardar shaidar biya don kwangila ko takara.

Saboda haka za ki iya samun ma'aikaciyar jinya da ta biya fiye da mai gidan da take haya a cikinsa. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. Ko a mayar da matakin ƙoli kashi 40, in mai miliyan 100 ya rubuta miliyan 3 a takarda, ba abin da ya canja.

Kaduna ta yi ƙoƙari wajen tara kuɗi, wannan ba a musu. A zamanin Gwamna Nasir El-Rufa'i aka yi dokar 2016 da ta haɗe harajin jiha wuri guda, ta damƙa karɓa a hannun hukuma ɗaya, ta kuma hana karɓar tsabar kuɗi hannu da hannu. Kuɗin shigar cikin gida, da bai kai naira biliyan 15 ba a 2015, ya haura biliyan 50 a 2020. Tambayar da ya kamata a riƙa yi ita ce: nawa ne a ciki ya fito daga albashin ma'aikata da ƙananan 'yan kasuwa, nawa kuma daga manyan masu zaman kansu?

Abin da Goggo ta tuna

Goggo ba ta ce komai ba sai da muka gaji. Sannan ta ba mu labarin ƙuruciyarta a ƙauye, lokacin da kalmar haraji kaɗai ke sa magidanta kwana a gona. Kuɗi ne da aka ɗora a kan kowane baligi, an yi damina mai kyau ko ba a yi ba. Wanda ya kasa biya a sayar da akuyarsa, ko a shanya shi a rana a ƙofar dagaci. Fulani kuma ana bin su da jangali a kan kowace saniya.

Yaƙi da wannan zalunci na cikin abin da ya tara talakawa a bayan Malam Aminu Kano da jam'iyyar NEPU tun daga 1950. Da Alhaji Balarabe Musa ya hau mulkin tsohuwar Jihar Kaduna a 1979 ƙarƙashin PRP, soke haraji da jangali na cikin abubuwan da ya fara yi, kamar yadda Abubakar Rimi ya yi a Kano.

Shi ya sa da aka sanar cewa daga 2021 kowane baligi a jihar zai riƙa biyan naira 1,000 a shekara a matsayin kuɗin raya ƙasa, tsofaffi da yawa suka ji kamar tsohon ciwo ne ya motsa. Ba yawan kuɗin ba ne. Abin da ya dame su shi ne mai tura baro da mai gidan mai su biya abu ɗaya.

Darasin Goggo a fili yake. Abin da iyayenmu suka ƙi shi ne harajin da ba ya duba ƙarfin mutum, wanda kuma ba a ganin inda ya tafi. Haraji mai matakala ya magance rabin farko, a takarda. Rabi na biyu yana nan.

Harajin da ba shi da rasit

Ki zauna ki lissafa abin da gidanku ke kashewa a wata kan abubuwan da haraji ya kamata ya samar. Kuɗin 'yan ga-ruwa ko gyaran burtsatse. Kuɗin 'yan sintirin unguwa. Masu kwashe shara. Karo-karon gyaran taransifoma da cike ramin layi kafin damina. Makarantar kuɗi, domin ajin gwamnati ya cika ya batse. Maganin da aka rubuta miki ki saya a kemis.

Wannan shi ne haraji na biyu, kuma mafi yawansa daga hannun mata yake fita: daga kuɗin cefane, daga ribar ƙosai da ɗinki, daga kwasar adashi. Attajiri ma yana biyansa, amma shi ba ya jin zafinsa. Yana da sola, yana da rijiyarsa, yana da maigadi, 'ya'yansa na karatu inda ya ga dama. Idan asibitin gwamnati ya lalace, ba matarsa ce za ta haihu a kan benci ba.

Don haka maganar ko manya sun biya ko ba su biya ba, ba tasu ba ce su kaɗai. Duk naira da ta zille daga sama, a ƙasa ake cike gurbinta.

Sai kuma batun kashewa. Mun ga sabuwar gadar Kawo da titunan da aka faɗaɗa a shirin sabunta birni da aka fara a 2019. Mun kuma ji Gwamna Uba Sani a Maris na 2024 yana cewa ya gaji bashin dala miliyan 587 da naira biliyan 85. Bashi kuwa da kuɗin jama'a ake biyansa. Iyayen ɗalibai ba su manta da ƙarin kuɗin Jami'ar Jihar Kaduna na 2021 ba, ba su kuma manta da ragin kashi 30 cikin ɗari da aka yi a 2023 ba. Kowane ɗaya daga waɗannan zaɓi ne da wani ya yi da kuɗin da aka tara da sunanmu.

Abin da ke hannunki

In ke ko maigida mai albashi ne, ku nemi takardar albashi, kada ku tsaya ga alat kawai. Ku duba nawa aka cire na haraji, ku gwada da matakalar da ke sama.

In kuna zaman haya, sabuwar doka ta yarda a cire kashi 20 cikin ɗari na kuɗin hayar shekara, har zuwa naira 500,000, daga abin da za a yi wa haraji. Mai biyan hayar 400,000 za a cire masa 80,000, wanda a matakin kashi 15 ya zama ragin naira 12,000 a shekara. Ba ya zuwa da kansa, sai an bayyana. Ku karɓi rasit daga mai gida, ku kai ofishin albashi.

In kina sana'a a gida, ki sayi ɗan littafi ki riƙa rubuta abin da kika saya da abin da kika sayar. Haraji a kan riba yake, ba a kan jari ba. Ribar da ba ta wuce 800,000 a shekara ba tana matakin da babu haraji. Kuɗin adashi da ya bi ta asusunki, ko kyautar da ɗan'uwa ya turo, ba riba ba ne, kuma littafinki ne zai nuna haka.

Kada ki ba kowa tsabar kuɗi da sunan harajin jiha. A biya ta banki, a karɓi shaida.

Sannan ki yi tambaya. Gwamnatin jiha tana wallafa kasafin kuɗinta, tana kuma yin taron jin ra'ayin jama'a kafin a kai shi majalisa. Ƙungiyar iyayen yara, matan Islamiyya ko na zumunta suna iya tura wakilai. Idan ɗan majalisar mazaɓarku ya zo gaisuwar Sallah ko neman ƙuri'a, ku tambaye shi abu biyu: me ake yi don manyan masu zaman kansu su biya daidai ƙarfinsu, kuma nawa aka ware wa asibitin unguwarmu, nawa aka saki?

Da aka kira Magariba, Hajiya ce ta kwashi adashin wannan watan. Tana ƙirga kuɗin ta dubi ƙanwata ta ce: "'Yata, in da zan ga kuɗin Alhaji a ɗakin haihuwar da kike aiki, wallahi ni zan tuna masa ranar biya."

Goggo ta yi dariya ta ce adashinmu shekara tara bai taɓa watsewa ba, saboda mai zubin hannu ɗaya da mai zubin hannu uku kowa ya san abin da ya zuba, kuma kowa na ganin ranar da aka kwasa.

Ke fa, 'yar'uwa, me kika gani a albashin gidanku tun shigowar wannan doka, kuma wane abu ɗaya kike so ki ga harajin ya gyara a unguwarku?